Yadda zaka gane fen mai hawan bishiya, ka busar da samfurinsa, ka kuma tsiro da shi daga ƙurar iri

Abu na farko da zaka cire a ranka kafin ka fara wannan aikin shine tunanin cewa igiyar nan da kake gani ta nannaɗe bishiya kara ce ko reshe. Ba kara bace, ganye ne. Ganye ɗaya tal da ya fito daga ƙasa yake ta tsawo baya tsayawa, yana murɗewa a jikin duk abinda ya samu, kuma inda ruwa da zafi suka yi masa yadda yake so yana iya kaiwa mita 30. In ka riƙe wannan, to duk sauran bayanin da zai biyo baya bazai baka wahala ba, dan kusan komai akansa ya rataya, daga yadda ake gane shi har yadda ake kashe shi in ya addabi mutane.

Sunansa a wajen masana Lygodium microphyllum. Ɗan gidan fen ne, wato tsirran nan da basa fure, basa 'ya'ya, basu da ƙwayar iri irin ta gero ko wake, wata ƙura ce mai laushi suke saki iska ta kwashe. Wani masanin tsirrai ɗan Sifen mai suna Cavanilles ne ya fara siffanta shi a 1801 da wani suna daban, sai Robert Brown ya saka shi cikin dangin Lygodium a 1810, shi yasa a littafi zaka ga an rubuta sunayensu a taƙaice a bayan sunan tsiron. Asalinsa yankunan zafi ne masu ruwa na Afirka da kudu maso gabashin Asiya da arewacin Ostireliya, a nan yammacin Afirka kuwa ana samunsa a ƙasashen bakin teku harda kudancin Najeriya da Kamaru da Gana. Na rubuta wannan ne musamman dan ɗalibai masu karatun tsirrai, da masu sha'awar lambu da suke son gwada abinda ba kowa ke yi ba.

Mataki na farko, fita nema

Kada ka ɓata lokacinka a tudu ko a busasshen daji, bazaka same shi ba. Ƙafarsa a cikin laima take, kansa kuma rana yake so, saboda haka wajen da zaka duba shine bakin fadama, gefen rafi, bakin kurmi inda inuwa ta ƙare haske ya fara, da gefen hanyar da aka sare daji a wuri mai ruwa. Can tsakiyar kurmi inda duhu yayi yawa ba kasafai yake yin ƙarfi ba. Wanda yake zaune a Kano ko Katsina ko Maraɗi sai dai ya haɗa da tafiya kudu, ko ya saka wani ɗan'uwa da ke can ya tsinko masa, ga bayanin da zai tura masa nan a ƙasa.

Kayan tafiya basu da yawa. Takalmin ruwa mai tsawo dole ne, saboda inda fen ɗin nan yake so nan maciji ma yake so, kuma ka riƙe sanda kana bugun ciyawa kafin ka saka hannu. Sai almakashi ko wuƙa mai kaifi, ƙaramar fartanya ko wani ƙarfen tono, tsofaffin jaridu, ambulan na takarda guda biyar ko shida, babbar leda, fensir da ɗan littafi, da gilashin ƙara girma irin na hannu mai ninka abu sau 10. In babu gilashin, kyamarar waya ma tana ɗan taimakawa in ka matso da ita sosai. Kuma dan Allah ka nemi izini, gona ce ka gaida mai gona ka gaya masa abinda ya kawo ka, in kuma gandun dajin gwamnati ne irin na Kuros Riba ko Okomu ko Gashaka Gumti to ba'a cire ko ganye sai da takardar izini daga hukumar wajen, kar kaje a kama ka akan ciyawa.

Mataki na biyu, tabbatar da cewa shi ɗin ne

Nan ne ake yawan shirme, dan daji cike yake da abubuwa masu hawa. Ka kama igiyar da yatsa. Siririya ce sosai amma da tauri, sabuwa koriya ce, in ta tsufa ta koma ruwan ƙasa, kuma in ka ja bata saurin tsinkewa. Bata da ƙaya, bata da 'yan zaren kamu irin na kabewa ko duma, bata fidda saiwa a jikinta ta manne da bishiya, ita dai murɗewa kawai take. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci saboda akwai wasu fen masu hawa, irin dangin Stenochlaena, su karansu ne da kansa yake hawa yana kafa saiwa a jikin bishiyar, to in kaga haka ba namu bane.

Yanzu bi igiyar a hankali har ƙasa, ka ɗan tona. Zaka tarar da ainihin karan a kwance cikin ƙasa ba nisa, siriri, baƙi-baƙi, da 'yan gashi a jikinsa da saiwoyi, yana rarrafe yana rabuwa gida biyu. Daga jikinsa ne igiyoyin suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace igiya ganye ɗaya kenan. In ka yi sa'a zaka ga sabuwar da bata daɗe da fitowa ba kanta a naɗe, wannan naɗin kai alamar 'yan gidan fen ce.

Sai ka dawo sama ka duba yadda ganyen ya rarrabu, ka natsu anan. A jikin igiyar, bayan kowace 'yar tazara, akwai wani ɗan guntun sanda gajere ƙwarai. A kansa sai ya rabu biyu, fiffike ɗaya dama ɗaya hagu, a tsakiyarsu kuma akwai wani ɗan ido mai gashi yana zaune shiru. Ka saka gilashinka ka kalle shi da kyau, wannan idon shine sirrin taurin kan tsiron. Muddin kan igiyar yana tafiya lafiya shi barci yake, amma ranar da aka yanke kan ko ya karye ko wuta ta taɓa shi, sai idon ya farka ya fidda sabuwar igiya aci gaba da hawa. Shi yasa wanda ya sassare shi sama-sama yake dawowa ya tarar ya ƙara cunkushewa.

Kowane fiffike tsawonsa baya wuce santimita 12, yana ɗauke da ƙananan ganye 'yan ƙalilan a jere, kowanne da 'yar sandarsa, faffaɗa a gindi ya tsuke a kai, yawanci ba tsage-tsage. Ga gwajin da nafi yarda dashi: duba daidai inda ɗan ganyen ya haɗu da sandarsa, akwai 'yar gaɓa a wajen. In ganyen ya bushe daga gaɓar yake faɗuwa ya bar sandar a tsaye, saboda haka tsohuwar igiya zaka ganta da 'yan tsinkaye tsirara a jere. Ɗan'uwansa Lygodium japonicum, na gabashin Asiya, bashi da wannan gaɓar kuma ganyensa a yayyanke yake sosai, nan ake raba su. A Afirka ma akwai wasu 'yan dangin, misali Lygodium smithianum wanda ganyensa sun fi girma da tsawo, to kar ka yanke hukunci da ganin hawa kawai.

Abu na ƙarshe, nemi ganye mai haihuwa. Iri biyu ne a igiya ɗaya. Akwai mai santsin baki wanda aikinsa haɗa abinci, akwai kuma wanda bakinsa ya fidda 'yan yatsu ƙanana kewaye dashi, yawanci sai can sama inda rana take bugu. Juya ɗan yatsan ka duba bayansa da gilashi, zaka ga layi biyu na 'yan jakunkuna, kowacce da ɗan murfinta ya rufe ta. Cikin su ƙurar irin take. In baka samu wannan ba ka ƙara zagayawa, ko ka janyo igiyar da ta hau sama, dan rabin aikinka yana jikinsa.

Mataki na uku, busar da samfuri

In dan makaranta kake yi, ka sani malamin da ya san aikinsa bazai karɓi 'yan ganye biyu da ka tsinko a bakin hanya ba. Cikakken samfuri sai da abu uku: guntun karan ƙasa da saiwarsa da gindin igiya a jiki, sai yanki daga tsakiya mai fukafukai marasa haihuwa harda idon nan, sai yanki mai ganye masu haihuwa. Mita 30 bazata shiga takarda ba, saboda haka yankawa zakayi, ka rubuta a littafinka tsawon da ya kai da kuma bishiyar da ya hau. A wajen zaka rubuta komai, kar kace sai ka koma gida: kwanan wata, sunan gari da ƙaramar hukuma, lambobin wurin da GPS na waya ya baka, yanayin ƙasar ko ruwa kwance ne ko laima ce kawai, rana ko inuwa. Ka ba samfurin lamba, ka rubuta lambar da fensir a jikin jaridar, biro yana zuba in ya jiƙe.

Fen yana saurin yanƙwanewa, in da hali a wajen zaka shimfiɗa shi. Kakkaɓe ƙasar jikin saiwa, buɗe jarida, kwantar dashi, in yayi tsawo ka lanƙwasa igiyar ta koma sama ta sake dawowa amma kar ganye su hau kan juna, kuma ka juya wasu daga cikin masu haihuwar bayansu ya kalli sama yadda mai dubawa zai ga jakunkunan ba sai ya ɓamɓare ba. Rufe jaridar, ɗora kwali, wani samfurin, wani kwalin, haka haka, sai ka saka falanki sama da ƙasa ka ɗaure tamau da igiya ko ka danne da bulo. Washegari ka buɗe ka canza jarida, wannan buɗewar ta farko itace damarka ta gyara duk ganyen da ya naɗe tunda yayi laushi bai bushe ba. Kullum ka canza takarda har ya bushe ƙarau. A arewa da hunturu 'yan kwanaki sun isa, a kudu da damina kuwa in ka yi sakaci fumfuna ce zata cinye shi, sai ka ajiye matsin inda iska mai ɗumi take ratsawa. Ka tuna da gaɓar nan fa, 'yan ganyen suna zubewa in an cika jijjiga busasshe, duk wanda ya faɗo ka tara a ɗan ambulan ka manna a gefen takardar.

In ya bushe a takarda ake manna shi, mai kauri ce, kusan santimita 29 da 42, bayanin kuma a kusurwar ƙasa ta dama. Dan maganin ƙwari, a naɗe a leda a saka a firiza na kwanaki in akwai wuta tsayayya, in babu a ajiye da kafur. Wanda yake son a tabbatar masa da suna zai iya kai samfurin ma'ajiyar busassun tsirrai, akwai a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, akwai kuma babba ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan.

Mataki na huɗu, tara ƙurar iri

Ba kowane ganye mai yatsu ne ya nuna ba. In jakunkunan kore ne shar to ɗanye ne, in kuma sun yi fari-fari sun buɗe sun yi buzu-buzu to iska ta riga ka. Wanda kake so shine mai ruwan ƙasa, a cike, bai fashe ba. Ka tsinki da yawa daga wurare daban-daban a jikin tsiron dan ka dace. A ambulan na takarda zaka zuba, banda leda, leda gumi take sawa ya ruɓe. Ka naɗe kusurwoyin ambulan ɗin dan ƙurar tana bi ta 'yar kafa ta gudu. Ajiye a ɗaki busasshe inda ba fanka na kwana biyu zuwa huɗu, sai ka ɗan ƙwanƙwasa da yatsa ka buɗe akan farar takarda. Zaka ga abu biyu, ɗan gari mai laushi da yake manne wa takardar, da kuma ɓaraguzai masu ɗan girma. Karkata takardar kaɗan ka ɗan bubbuga, ɓaraguzan zasu gangara, garin ya tsaya. Garin kake so. In ka shuka da ɓaraguzan fumfuna kake gayyata. Sabuwar ƙura tafi tsirowa, kar ka ajiye ta wata da watanni a ɗaki mai zafi.

Mataki na biyar, shuka

Nemi robar tekawe mai murfi wadda ake ganin ciki, ka wanke ta tas da sabulu da ruwan zafi. Ƙasar da zaka zuba mai riƙe laima ce amma ba mai caɓewa ba: ruɓaɓɓen ganye da aka tankaɗe, ko garin gashin kwakwa, ka haɗa da yashi mai laushi kaɗan. Banda taki, banda kashin kaji ko na shanu, a wannan matakin ƙona shi zasu yi. Zurfin santimita 3 zuwa 4 ya isa, ka danna saman ya kwanta sumul.

Yanzu abinda mutane suke tsallakewa sannan su zo suna cewa bai fito ba: kashe duk wani abu mai rai da ke cikin ƙasar. A cikinta akwai irin gansakuka da fumfuna da ƙwan ƙwari, dukkansu kuma sun fi fen ɗinka sauri, in ka barsu su zasu mamaye robar. Shimfiɗa tishu ko farin ƙyalle a saman ƙasar, ka tafasa ruwa ka zuba a hankali ta kansa har ya ratsa ko'ina, in robar mai laushi ce da zata lanƙwashe to ka yi wannan a kwanon ƙarfe sannan ka juye da cokali mai tsabta. Tsiyaye ruwan da yayi yawa, rufe, ka barshi ya huce gaba ɗaya, ko ya kwana ma. Kar ka yi gaggawa ka zuba iri a ƙasa mai zafi.

In ya huce, rufe taga, kashe fanka, ɗauke tishun, ka ɗauko takardar ƙurar ka riƙe ta sama kaɗan kana ɗan taɓa ta da yatsa tana sauka ko'ina. Kaɗan fa. Abinda idonka yake ganin bai kai komai ba dubbai ne, in ka cika zasu matse juna. Kar ka rufe da ƙasa ko kaɗan, haske suke buƙata kafin su tsiro. Mayar da murfi, rubuta kwanan wata a jiki, in murfin baya kamawa sosai ka saka robar cikin farar leda ka ƙulle. Wajen ajiya shine inda haske yake sosai amma rana bata taɓawa kai tsaye, kamar bakin taga ta ɓangaren inuwa ko baranda. Rana ta awa ɗaya a rufaffiyar roba ta isa ta dafa komai, musamman da bazara. Ɗumin ɗaki na yau da kullum yayi masa, sai dai ka guji ɗakin da kwano yake gasawa da tsakar rana.

Mataki na shida, jira, da abinda zaka gani

Nan haƙuri ake so kuma nan ne daɗin abin yake. Cikin sati ɗaya zuwa uku saman ƙasar zai fara yin wani kore-kore kamar an shafa. Kar ka buɗe, in dai akwai raɓa a jikin murfin to laima ta isa. Bayan wasu makonni koren zai rarrabu ya zama 'yan falle-falle a kwance, kowanne bai fi rabin santimita zuwa ɗaya ba, siffar zuciya, siriri har haske yana ratsa shi. Da yawa anan suke zubarwa suce gansakuka ce ta fito, alhali shine. Masana suna kiransa furotalus, kuma wani zango ne na rayuwar fen mai zaman kansa, baya kama da uwarsa ko kaɗan, bashi da ganye bashi da kara, wasu 'yan zare ne kawai suke riƙe shi a ƙasa.

A ƙarƙashin wannan ɗan fallen ne gaɓoɓin namiji da na mace suke fitowa. Ƙwayar namijin iyo take, tana buƙatar ɗan siririn ruwa a jikin fallen kafin ta isa wajen ƙwan, in babu ruwan to zasu zauna haka wata da watanni ba abinda zai faru. Dalilin da yasa fen ya maƙale wa wuri mai laima kenan. Saboda haka da zarar kaga zukatan sun yi faɗi, sai ka fara buɗewa sau ɗaya ko biyu a sati kana musu feshi mai laushi ka mayar da murfi. Ruwan sama da aka tafasa ya huce yafi, ruwan bohol na wasu wuraren gishirinsa yayi yawa, in kaga yana barin farin tabo a buta to kar ka yi amfani dashi. Wani abin mamaki game da wannan nau'in shine falle ɗaya yana iya yiwa kansa barbara, ma'ana ƙwayar ƙura ɗaya da iska ta jefa wani wuri ta isa ta kafa sabon gari. Ka riƙe wannan, zamu dawo kansa.

Daga wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, zaka ga ɗan ƙaramin ganye ya ɗago daga wajen tsagar zuciyar. Shine fen ɗin na gaske. Ganyen farko gajeru ne basa hawa, kar ka ɗauka an baka wani abu daban, sai karan ƙasan yayi ƙarfi sannan yake fara turo masu murɗewa. In fumfuna ta ɓullo a wani gefe, ɗebe wajen da bakin cokali harda ɗan kewayensa ka zubar, ka ɗan rage ruwa. In sun cunkushe sosai, ɗebi 'yan gungu-gungu ka dasa a wata robar da aka yiwa irin wancan shirin.

Mataki na bakwai, fitarwa da dasawa

Kar ka cire murfi rana ɗaya, a ɗaki mai laima suka tashi, busasshiyar iska zata kwantar dasu cikin awa. In sun yi ganye uku huɗu, fara ɗaga murfin kaɗan, gobe ka ƙara, haka har sati biyu. Sannan ka dasa a ƙananan tukwane masu huji a ƙasa, da ruɓaɓɓen ganye da yashi da 'yar ƙasar lambu, karan ya kwanta dab da sama kar ka binne shi da zurfi. Tukunya mai faɗi tafi mai zurfi tunda rarrafe yake. Ƙasar kullum da laima, kar ta taɓa bushewa ƙarau.

Abin hawa kuma siriri zaka bashi, zare mai ƙarfi ko tsinken gora ko ragar waya, baya iya naɗe gungume mai kauri, a daji ma ta kan ƙananan rassa da tsofaffin igiyoyinsa yake bi ya kai sama. In igiya ta tsufa ta bushe ka yanke ta daga gindi, sabuwa zata fito. Mai zaune a arewa, hunturu ne babban abokin gabarka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka matsar dashi lungun da iska bata kaɗawa, kusa da randa ko wajen alwala inda ƙasa take jiƙe, ka kewaye da leda, feshi safe da yamma. Ko saman ya ƙone kar ka zubar da tukunyar, in karan ƙasa yana da rai zai dawo da damina. Wanda kuma bashi da haƙurin ƙura, gajeriyar hanya itace ya yanko guntun karan ƙasa mai saiwa da sabon toho, ya rage igiyoyin, ya dasa ya rufe da leda har ya kama, duk da ba kullum yake yarda da tashi ba.

Kar ya kuɓuce maka

A Afirka da Asiya yana da ƙwari da cututtukan da suke taka masa birki. A jihar Fulorida ta Amurka kuwa, inda aka kai shi a matsayin tsiron ado, an fara ganinsa ya fantsama daji a shekarun 1960, kuma yau yana cikin tsirran da suka fi addabar fadamun Everglades. Yana hawa ya lulluɓe bishiyoyi ya hana su haske, matattun igiyoyinsa suna taruwa a ƙasa kaurinsu ya kai mita guda ba abinda ke iya tsirowa ta ciki, in gobara ta tashi kuma shi yake zame mata tsani ta hau har kan bishiyoyin da da wuta bata kaiwa. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna na can yafi kama da na yankin Cape York a arewacin Ostireliya, shi yasa aka koma can ɓangaren neman maƙiyansa, a 2008 aka saki wani ɗan malam-buɗe-littafi na dare, Neomusotima conspurcatalis, wanda tsutsarsa ke cin ganyen, da wani mitsitsin ƙwaro Floracarus perrepae mai sa ganyen ya naɗe. To ka ga dalilin da yasa ba'a aika ƙurarsa ko karansa wata ƙasa, ko ɗan'uwa ya roƙa, a Amurka ma doka ta hana shiga dashi.

In ya yi maka yawa a gona ko lambu, yadda masu yaƙi dashi a can suke yi shine su yanke igiyoyin daidai ƙugu, na saman su barshi ya bushe a bishiya tunda an raba shi da ƙasa, na ƙasan da ya rage da ganye su fesa masa maganin ciyawa mai gilaifoset dan ya sauka har karan, bayan watanni su dawo su sake bi. Wuta kaɗai bata kashe shi, saman take ci. In ɗan wuri ne tona karan gaba ɗaya yafi. Ganye masu haihuwa ka zuba a leda ka ƙulle kar ka jefa a bola ko bakin rafi, kuma ka kakkaɓe kaya da takalmi kafin ka bar wajen.

Igiyoyin da ka yanke kuma ba sai an zubar ba

A Filifin ana kiran dangin wannan tsiron nito, ana saƙa huluna da kwanduna da farantai dashi, a kudancin Tailan kuma, musamman Nakhon Si Thammarat, sunansa yan lipao, jakunkunan hannu masu tsada ake yi. Nau'in da suke amfani dasu sun ɗan fi namu kauri amma aikin ɗaya ne. Ana zaɓar igiyar da ta ƙosa, a zage ganyen, a tsaga ta a tsaye a cire ɓargon ciki a bar bayan mai sheƙi, a shanya a inuwa. Masu saƙar Tailan suna huda murfin gwangwani da ƙananan huji, su dinga zaro kowane zare ta ciki daga babban huji zuwa ƙarami har kaurinsu ya zo ɗaya. Sai a naɗa shi a jikin wani abu mai ƙarfi kamar tsagin kara ko gora ana zagayawa ana ɗinkewa da layin ƙasa, duk wadda ta iya saƙar faifai hannunta ya riga ya san wannan. Kafin ka fara ka ɗan jiƙa zaren ya yi laushi, busasshe karyewa yake a wajen lanƙwasa, kuma ka ware masu duhu da masu haske daban tun farko in kana son fidda zane.